Shayi a Kan Sumunti

Tafin ƙafar Aimerek ya yi shuɗi-shuɗi. Uwarta Nurzat ta cusa shi cikin rigarta ta manna a cikinta, sanyin ya soke ta kamar allura. Yarinyar, 'yar wata goma sha ɗaya, ta sake yin tarin nan da ya ƙi barin ta tun saukar ƙanƙarar farko a garinsu, Naryn.

A nan suke wuni, a ɗakin aikin da Toktosun, uban mijin Nurzat, ya gina, inda take ɗinka dardumomin ulu na sayarwa. Murhu na ci, amma zafinsa sama yake hawa, daɓen sumunti bai taɓa jin labarinsa ba. Ga shi Aimerek ta fara rarrafe.

Nurzat ta riga ta tambayo a kasuwa: allunan soso mai tauri da za a jera a kan daɓen, a rufe da katako. Kuɗin raguna biyu. Tsohon kuwa uku ya ware don bikin yanke igiya, ranar da za a ɗaure ƙafafun jikarsa da zare fari da baƙi a yanke, don ta yi tafiyar duniya ba tuntuɓe. Sau biyu mijinta Ermek ya kai wa tsohon maganar, sau biyu ya dawo yana sosa ƙeya. Wai kakanninsu a kan ulu suka girma, kuma gidan masu darduma ba ya sayen soso. A shimfiɗa ulu. Ta shimfiɗa. Cikin mako guda ƙasansa ya jiƙe ya yi funfuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da hantsi tsohon ya shigo cikin takalman ulu har gwiwa, ya zauna a kujera, ya ce a ba shi shayi.

Matar ɗa ba ta musu da uban miji, ko sunansa ba ta kamawa. Nurzat ta zuba shayin madara da man shanu. Maimakon ta miƙa masa hannu da hannu, sai ta ajiye kwanon a kan sumunti, gaban takalminsa.

Ermek na yankan ulu a gefe. Almakashin da ke hannunsa ya tsaya cak.

"Hannun naki ya shanye ne?" in ji tsohon.

"Ya yi zafi da yawa, Baba. A ɗan ba shi lokaci."

Garwashi na ta ƙara a murhu. Da tsohon ya sunkuya ya ɗauka, man ya daskare a bakin kwanon, fari fat.

"Kwano ne," ya ce. "Ba shi da jini."

"Aimerek kuma wuni take yi a kan sumuntin," in ji Nurzat.

Aimerek ta rarrafo ta kama gwiwarsa, ta miƙe, tana ɗaga wannan ƙafa tana sauke waccan kamar 'yar tsako a kan raɓa. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya zare takalmi ɗaya, ya dafa sumuntin da tafin ƙafarsa. Bai jima ba ya janye. Ya ɗaga yarinyar, ya zura ƙafafunta biyu cikin ɗumin takalmin.

"Biki da rago ɗaya," ya faɗa wa gemunsa. "Gari zai yi da ni har bazara."

Ya dubi ɗansa. "Auna ɗakin. Aunawa kawai na ce."

Nurzat ta sunkuyar da kai, ta ɗauki buta. Takardar awon tana aljihunta tun makon jiya.