Maɓallin da Dogo ya saba da shi

Situdiyon na 'yan'uwa biyu ne, Dogo da ƙaninsa Auta, amma kwamfutar ciki Dogo kaɗai take ji. Tun da suka sayi manhajar haɗa sauti ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya ya sauya musu aiki yadda hannunsa na hagu yake so. Na ɗaukar murya ya mayar da shi can kusurwa, ƙarƙashin ƙaramin yatsansa. In ya zauna ba ya ko kallon allo, sai ya lumshe ido yatsu su yi ta yawo.

Auta kuwa abin ya daɗe yana cin ransa. Mutum ya haura arba'in, amma duk sanda ya zauna aiki sai ya riƙa laluben maɓalli kamar baƙo a gidansu. Ya yi magana ya gaji, kullum amsar Dogo ɗaya ce, wai hannu ke koyo, baki ba ya koyo. Wata safiya da yayan ya fita gyaran mota, Auta ya mayar da komai yadda kamfani ya tsara. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce sai da yamma zai faɗa masa, in ya ci ya ƙoshi.

Da azahar sai ga Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu, ba sanarwa. Ta yi waƙa a ƙuruciyarta, ba a taɓa ɗaukar muryarta ba. Washegari za a yi mata aiki a maƙogwaro, kuma likita bai ɓoye mata ba cewa muryar ba lalle ta dawo ba. Waƙa ɗaya take so a ajiye wa jikokinta.

Dogo ya shigo da baƙin mai a hannu, ya goge a wando, ya gyara mata makirfo, ya sa mata abin jin sauti a kunne. Auta yana waje yana neman mata ruwan ɗumi. Dogo ya taɓa kusurwarsa, ya ɗaga mata hannu, ya rufe ido. Gwaggo ta fara a hankali, muryar na rawa, can sai ta buɗe. Auta ya dawo da kofi ya tsaya a bakin ƙofa yana sauraro. Sai da ta kai baitin ƙarshe idonsa ya faɗa kan allo, ya ga jan layin da ke nuna ana ɗaukar murya bai motsa ba.

"Ku sa mini in ji," in ji Gwaggo, tana share ido da bakin mayafi.

Dogo ya danna, ya sake dannawa, shiru. Auta ya faɗi abin da ya yi, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya so a zage shi, ko da mari ne, amma Dogo bai ko waiwayo ba. Ya tambaye shi inda maɓallin yake yanzu, ya roƙi Gwaggo ta daure ta sake.

Ta daure. Layi biyu ta yi tari ya sarƙe ta, ta sha ruwan, ta gwada, abin ya ƙi. Ta cire abin kunnen ta ajiye a kan kujera.

"Ku dai kun ji ta farkon, ko?"

Suka ce sun ji.

"To ku riƙe ta. Auta, miƙo mini takalmina."

An yi aikin lafiya, amma tun daga ranar sai an kai kunne bakinta ake jin abin da take cewa. Da jikokin suka zo karɓar waƙar kakarsu, layi biyun nan da tarin Auta ya kunna musu.