Mai Lamba Tara Ba Shi da Fuska

Duk wanda ya shiga ɗakin taron kulob ɗinmu, Maƙeran Chilemba, abin da zai fara gani shi ne mutane marasa kai. Hotunan 'yan wasa ne jere a bango tun daga 1934, shekarar da masu narka tagulla suka kafa kulob ɗin da ƙwallo ɗaya da rigunan da matansu suka ɗinka. Nan da can a cikin hotunan za ka ga mutum tsaye, hannunsa a kafaɗar ɗan'uwansa, amma inda fuska ya kamata ta zauna sai rami. Dokarmu ke nan tun zamanin kakanni: wanda ya tsallaka layin jirgi ya sa rigar 'Yan Dogo, kulob ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, a ranar ake sauke hotuna a yanke fuskarsa da reza. Ba a kulob kaɗai ba. Masu aski, masu gidan giya, matan aure a ɗakunansu, kowa zai ciro nasa ya yi masa wannan aiki. A da har baƙi muke kawowa su gani, muna ta ƙafafa.

Ni mai fenti ne, sunana Chisanga. Rabin allunan shagunan garin nan hannuna ne. Da kulob ya kusa cika shekara casa'in, kwamiti suka kira ni. Sau shida muka ɗauki gasar ƙasa, muka ɗaga kofi sau huɗu, akwai shekarar da muka je har Kongo muka sa mutanen can kuka a gidansu. Amma duk wannan da ne. Tun da aka rufe ramin tagulla muke gangarowa, yanzu muna rukuni na biyu, iska ta yaye rufin rumfar 'yan kallo, awaki ne suka fi kowa zuwa atisaye. Ciyaman ya ce tunda ba mu da abin nunawa na yau, a zana na jiya. Yana so in zana 'yan wasa goma sha ɗaya na 1979 a katangar filin, shekarar da muka haɗa gasa da kofi a hannu ɗaya.

Hoton da ya miƙo min fuska goma ne da rami ɗaya. Ramin na Lombe Kapembwa ne, mai lamba tara, wanda ya ci duka ƙwallaye biyun a wasan ƙarshe. Shekara na zagayowa 'Yan Dogo suka ba shi gida mai famfo, ya tsallaka. Bai yi damina biyu a can ba motar haya ta kife da shi a hanyar Kapiri.

Na ce, "Wannan fa, ranka ya daɗe?"

Ciyaman ya ce, "Zana ƙwallo a wurin."

Ina kan tsani ina shafa farin fenti wata mata ta tsaya a ƙasa da jaka a kafaɗa. Ta haura arba'in, ga alamar doguwar tafiya a takalmanta. Ta gaishe ni, ta ce sunanta Chilufya, nas ce a Kabwe, a rediyo ta ji za a zana 'yan 1979.

"Yaya, har da Lombe za ka zana?"

Na ce an ce in sa ƙwallo a gurbinsa.

Ta ajiye jakar a ƙasa. "Mahaifina ne. Ina goye ya rasu, ban taɓa ganin fuskarsa ba."

Na sauko. Da farko ban yarda ba, don wane gida ne babu hoton maigida ko ɗaya? Sai ta ba ni labari. Kawunta, yayan mahaifiyarta, shi ne sakataren kulob a lokacin. Ranar da Lombe ya tsallaka, kawun ya zo da rezarsa har ɗaki, ya bi hoton biki da na suna, bai bar fuskarsa a ko ɗaya ba, sannan ya kwashe ƙanwarsa da jaririya ya mayar gidansa. A wajenmu ɗa na dangin uwa ne, ba wanda ya ce masa don me. Mahaifiyar ta rasu bara, ba ta bar mata komai na Lombe ba sai hoton biki, amarya tana murmushi kusa da kwat marar kai.

"Ba kuɗi na zo nema ba, ba suna ba," in ji ta. "In gan shi sau ɗaya kawai."

Raina ya ɓaci, ban ma san da wa nake fushi ba. Ni ma na ga Lombe yana wasa, amma ina ɗan ƙarami a wuyan babana, abin da na riƙe ƙafafu ne da ƙura. Na kai ta wajen kwamiti.

Cikin goma sha ɗayan nan biyu ne suka rage a raye, kuma dukansu suna cikin kwamiti. Baba Nkandu, mai tsaron gida, ido ɗaya ya yi fari, da Baba Siwale, ɗan baya, wanda bakinsa ya fi ƙafarsa cutarwa tun yana wasa. Ciyaman ya fara kawo maganar doka, Baba Siwale ya katse shi.

"Wace doka? Yaushe rabon da a yanke wani? Yaran yanzu Lusaka suke gudu, ko hoton ba sa tsayawa a ɗauka. Su kansu 'Yan Dogon ina suke? Filinsu ya zama gonar kabeji. Kai, ciyaman, kana fitsarin kwance lokacin da Lombe ya ɗora mu a kan kofin nan da kake gogewa."

Baba Nkandu ya ɗaga hannu, alamar ya yarda a zana Lombe. Sauran suka ɗaga. Abin da aka riƙe shekara arba'in da 'yan kai, kafin shayi ya huce an sake shi, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi.

Daga nan muka shiga neman hoto. Ofishin 'Yan Dogo ya zama coci. Fasto ya kai mu wani ɗaki, muka zaƙulo hoton shekarar a bayan ganguna, ashe an ɗauki hoton ne kafin Lombe ya koma wajensu. Mai hoton garin ya mutu tuni, 'ya'yansa sun mayar da shagon wurin sayar da kaji, sun ƙona tarkacen da suka tarar. Wani tsohon malamin makaranta ya fito mana da jaridar wasan ƙarshe yana murna. Ga Lombe nan a sama, ya tashi zai sa wa ƙwallo kai, amma bayansa ya ba mai hoto. Chilufya ta daɗe tana kallon lamba tara da ƙeyar. Muka bi gidajen tsofaffin magoya baya, kowa ya ciro nasa daga ƙasan akwati, kowanne da raminsa. Wata tsohuwa har da cewa ita da almakashi ta yi nata, shi ya sa ya fi kyau.

Da hoto ya gagara, na ce to, a kwatanta min in zana. Muka zauna a inuwar katanga da takarda da gawayi, Chilufya ta sayo wa tsofaffin tuwon masara da soyayyen kifi.

"Doguwar fuska gare shi," in ji Baba Nkandu.

"Doguwa?" in ji Baba Siwale. "Zagayayya dai, kamar kwanon nan. Kai ai bayansa kawai ka sani, kana can cikin raga kana hamma."

"Ɗakinmu ɗaya da shi a Kongo, tsohon banza."

"To hancinsa fa?" na tambaya.

Ɗaya ya ce siriri, ɗaya ya ce shimfiɗaɗɗe. Wushirya kuwa, Baba Siwale ya rantse da kabarin uwarsa akwai, Baba Nkandu ya ce ta ɗan wasan gefe ce yake tunawa. In ka tambaye su yadda ya ci ƙwallo ta biyu, baki ɗaya suke magana, har inda ya dafe da ƙirji da ƙafar da ya buga da ita. Amma fuska, duk wadda na zana sai su karkata kai su ce da saura. Na ɓata takardu har na gaji. Chilufya tana gefe, kowace takarda sai ta karɓa ta duba kamar mai jiran sakamakon gwaji, sannan ta dubi tsofaffin, su girgiza kai, ta ajiye.

Hutunta ya ƙare. Ta ce za ta dawo ranar bikin cikar kulob shekara casa'in, muka yi musayar lambar waya. Da za ta tafi ta kama hannuna da hannu biyu.

"Yaya, ko kusa da shi ne, na gode."

Tana ba da baya Baba Nkandu ya bi ta da idonsa mai gani har ta sha kwana. Sai ya ce, "Mu ma dai da wauta. Muna ta neman mutum, ga shi zaune yana ba mu kifi."

Baba Siwale ya buga cinya. "Wallahi shi ne! Goshin, bakin, har yadda take ɗaure fuska. Mai fenti, zana ta, ka sa mata gashi da saje, ka gama."

Karon farko ke nan da na ji bakinsu ya zo ɗaya a kan fuskar. Na ce bari in kira ta in gaya mata, Baba Nkandu ya ce a'a, a bar ta ta gani da idonta. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma biki ya matso, kuma na ce a raina mutanen da suka kwana ɗaki ɗaya da shi sun fi ni sani. Na buɗe hotonta da ke kan lambar wayarta, na hau tsani. Na faɗaɗa muƙamuƙi, na ƙara kaurin wuya, na ɗora tulin gashi irin na zamanin. Sauran kuwa, abin da idona ya gani shi hannuna ya bi. Ban taɓa yin aiki mai kyau irinsa ba.

Ranar biki an rufe katangar da tamfol ɗin da aka aro a wajen masu sayar da masara. Mutane ba su kai yadda aka zata ba. 'Yan badujala uku ne suka zo, ciyaman ya karanto kofunanmu ɗaya bayan ɗaya, ana tafi kaɗan-kaɗan kamar a wajen jana'iza. Chilufya ta zo da sabon zane, aka ba ta kujera a gaba tsakanin tsofaffin biyu. Na ga tana murza yatsunta.

Aka ja tamfol. Sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Baba Nkandu ya miƙe, ya tako har gindin katanga, ya cire hularsa.

"Lombe," ya ce, "ka yi haƙuri. Mun daɗe." Hawaye yana bin idon mai gani da marar ganin.

Chilufya ba ta tashi ba. Ta ɗaga kai tana kallo, ni kuma ita nake kallo, ina jira in ga abin da na yi. Fuskarta ba ta nuna komai ba.

Baba Siwale ya karɓe lasifika daga hannun ciyaman, ya nuna da sandarsa. "Ku duba aikin yaron nan! Har tabon nan na ƙasan ido bai manta ba. Kun san inda ya samo shi? A Kongo! Wani ƙaton ɗan baya ne ya kai masa gwiwar hannu, jini har riga, aka ce ya fita ya ƙi. Ina wurin, ni na riƙe masa kai ana ɗinkewa. Ko ba haka ba, Nkandu?"

"Haka ne," in ji Baba Nkandu yana share fuska. "Kamar yau nake gani."

Aka ɗauki tafi, na gaske wannan karon. Mutane suka taso suna ɗaukar hoto, wasu suna dafa kafaɗata. Chilufya ta miƙe, ta durƙusa ta yi wa tsofaffin godiya ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki jakarta. Na bi ta har bakin ƙofar fili. A nan ta tsaya, ta sa yatsa a ƙasan idonta na hagu.

"Yaya, tabon nan nawa ne. Gawayi ne ya fallatso min a madafin kawuna, ina aji biyu. Babana ya daɗe a ƙasa lokacin."

Na ce zan goge tabon, yau ɗin nan ma.

"Bar musu," ta ce. "Ba tabon ba ne. Da na ga fuskata a can, na ce ba komai, ashe kama muke, ko wannan ma na samu. Sai na ji sun tuna ranar da aka ɗinke shi." Ta gyara jakar a kafaɗa. "Su ma ba su san fuskarsa ba, Yaya. Babu wanda ya sani."

A cikin fili aka busa usur, yaranmu suka fara wasa da wani kulob na masu sayar da siminti. Ta tambaye ni ko har yanzu motar Kabwe a tsohuwar tasha take lodi. Na ce e, ta tafi.