Wayoyin Pak Sarwono

Ana ɗaura tutar takarda a bakin lungunmu na Semarang, alamar an yi rasuwa, na ja Bu Darmi mai sayar da tempe, soyayyen waken soya, gefe.

"Ke, injin numfashin Pak Sarwono fa a kashe aka same shi," na ce mata. "Kuma wa ke gidan in ba surukarsa ba?"

"Ji tsoron Allah, Bu Tinah. Endang kasuwa ta je."

"Kasuwa! Da kayan miya nawa ta dawo?"

Ni dai ban taɓa yarda da Endang ba. Mai yawan murmushi irin nata, akwai lauje cikin naɗi. Shekara biyu tana jinyar Pak Sarwono, kullum tana ƙorafin injin nan na shan wuta.

Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakanina da shi. Tun da huhunsa ya lalace, duniyarsa ta koma gado da ɗan tebur mai tayoyi, da tsohuwar kwamfuta a kai wadda yake ganin jikokinsa na garin Batam ta cikinta. Ƙarƙashin teburin nan kuwa ba a cewa komai. Wayar kwamfuta, ta fanka, ta injin, da cajojin da ba a san na mene ne ba, duk sun cukurkuɗe kamar taliya.

Ranar Talatar da ta wuce na kasa haƙuri. Na durƙusa da zaren leda ja, na ware su ɗaya bayan ɗaya, na naɗe rarar, na ɗaure su tamau a ƙafar tebur.

"Bar su, Bu, sun saba da juna," ya ce yana dariya yana tari.

"Gidan da mace take, a ce ni zan zo in gyara? Abin kunya."

Endang na bakin ƙofa tana jina. Washegari da azahar ya cika, shi kaɗai.

Kafin addu'ar uku, rabin lungu ya ji zancena. Mata suka daina karɓar shayi daga hannun Endang. Mijinta ya iso daga Batam, ko kallonta ba ya yi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ran addu'ar bakwai da la'asar, maza na karatu a falo, na sulale ɗakinsa neman hujja. Endang na zaune bakin gadon, ta rame.

"Mbak Endang, wa ya matsar da teburin nan?"

"Shi mana, Bu. In zai ga yara, jawo shi yake har ƙirjinsa. Ban taɓa komai ba tun ranar."

Na durƙusa. Na bi wayar injin da yatsa, daga ɗaurina na ƙafar tebur har bayan kabad. Ƙullin na nan daram yadda na yi shi. Kan wayar na kwance a ƙasa, saura taƙi ɗaya ya kai soket.

"Bu Tinah, ga shayi," in ji Endang a bayana.

Na miƙa hannu ban juya ba. Idona na kan jan zaren da na ɗaure wayar da shi.