Hular Asanbek a Gaban Taya

A garinmu ba a sallamar baƙon biki a bakin ƙofa. Sai an raka shi har mota, a jera kofuna a kan bonet, dattijo ya zuba barasar bankwana. Shekara talatin mijina Asanbek na wannan zubi, yana ji da shi kamar sarautar gado. Bara waccan ya zuba wa Ulan, ɗan ƙaninsa. Ulan ya ce tuƙi zai yi. Mijina ya ce, "Hannuna za ka mayar?" Ulan ya sha. A kwanar hanya ta uku kafin garin Narin aka tsinci motarsa a gindin dutse, da gawarsa a ciki.

Tun daga nan tsohon nan bai ƙara taɓa kwalba ba. Ni kam na ce ihu bayan hari ne, kuma ban yafe masa ba. Ko ƙarar mota ya ji tana hawan dutse, sai ya ajiye shayinsa ya kasa kunne har ta ɓace.

Ranar sunan jikar maƙwabta, da la'asar, bayan an cinye naman doki da taliya, Mirlan mai gyaran tarakta ya fito yana tangaɗi, makulli a hannu. Matarsa Gulzat ta sa yara biyu a kujerar bayan mota.

"Mirlan, kwana a nan," in ji mijina.

"Haba Baba! Kofi uku ne fa. Hanyar nan ko ido rufe na san ta."

"To ba Gulzat makullin."

"Mace ta tuƙa ni a gaban surukai? Baba, tsufa ya sa maka tsoro."

Maza suka kwashe da dariya. Mirlan ya tayar da mota.

Sai Asanbek ya cire kalfak ɗinsa, farar hular da namiji ba ya bari ta taɓa ƙasa, ya durƙusa ya ajiye ta cikin taɓo a gaban taya. Dariya ta ɗauke. Wata tsohuwa ta yi salati. Ban taɓa ganin kansa a buɗe cikin mutane ba.

"Bi ta kai," ya ce.

Injin ya daɗe yana ƙara. Can Mirlan ya kashe shi, ya fito yana ƙunƙuni, ya jefa wa Gulzat makulli.

A hanyar gida na goge taɓon da gefen mayafina, na miƙa masa hular. Bai karɓa ba.

"Ranar Ulan ma da ita na fita," ya ce. "A kaina take, ban ajiye ta ba."