Babur Mai Rawayar Riga

Duk filin ajiye motocin asibitin babu wuri mafi muni kamar gindin turken lantarki. Nan motoci ke juyawa, nan masu ja da baya ke tahowa ba tare da sun waiwaya ba. Rumfar babura tana can gefe da inuwarta da sarƙarta, amma Auta tela bai taɓa leƙa ta ba. Kullum a gindin turken yake kafe babur ɗinsa, ya kulle kan, ya lulluɓe shi da wata rawayar riga mai kashe ido wadda shi ya ɗinka da hannunsa.

Mai gadin filin, wani dattijo da ake kira Mai Usur, ya yi faɗa har ya gaji. Ya ce babur ƙaramin abu ne, direba ba ya ganinsa sai ya ji ƙara. Ya ce ko amarya ba a yi mata irin wannan ado a ajiye ta bakin hanya. Auta sai ya yi murmushin yaƙe ya wuce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mahaifinsa ne kwance a bene, a ɗakin masu ciwon ƙirji, inda ba a barin kowa ya shiga. Yayyen Auta sun yi zarya da farko, daga baya suka koma bugo waya, daga nan wayar ma ta yi shiru. Tsohon kunnensa ya yi nauyi, idonsa ba ya bambance mutane daga nesa, kuma daga gadonsa babu abin da yake hangowa ta taga sai gindin turken nan. Shi ya sa Auta ya aika masa da saƙo ta bakin wata nas mai kirki: duk lokacin da ya hango rawaya a ƙasa, to ɗansa na nan. Nas ɗin ta ce tun daga ranar tsohon ba ya karɓar magani sai ya fara duba taga.

Da Auta ya faɗa wa Mai Usur wannan, da magana ta ƙare. Amma Auta mutum ne mai zurfin ciki, irin wanda zai gwammace a ce masa mai taurin kai da a ce ga ɗan mai tari. Ya taɓa ganin yadda wani maƙwabcinsa ya ja da baya da ya ji sunan ciwon, abin bai bar zuciyarsa ba. Ko ranar da wata mota ta goge babur ɗin ta fasa madubi, tsintar gilasan ya yi ya zuba a aljihu, ya sake kafe shi a inda yake.

Ran nan ya iso da sassafe, ya lulluɓe babur, ya shige ciki. An ce jikin Baba ya tsananta, ana neman wata allura. Aka tura shi wannan tagar karɓar magani, aka ce ba nan ba, aka tura shi waccan. Ya bi layi, layin ya watse, aka sake sabo. Ko ruwa bai sa a cikinsa ba. Abin da ke sanyaya masa rai kawai shi ne Baba na ganin rawaya.

Sai da rana ta karkata ya fito da allurar a hannu. Gindin turke wayam. Ya ɗauka sata ce, sai ga Mai Usur ya taho yana washe baki. Ashe jim kaɗan bayan shigarsa babbar motar kawo iskar numfashi ta zo juyawa, saura ƙiris ta murƙushe babur ɗin. Dattijon ya nemi direbobi biyu suka ciccibe shi zuwa rumfa. Har goge shi ya yi, ya ninke rigar tsaf ya ɗora a kan kujera.

"Ka gani ko, ɗana? Da na biye maka, da yanzu ƙarfe kake tsinta."

Auta ya buɗe makulli, ya tura babur ɗin da gudu zuwa gindin turke, ya warware rigar ya shimfiɗa. Ya ɗaga kai. An ja labulen tagar.

A ƙofar ɗakin marasa lafiyar ya tarar da wata nas da bai sani ba, waccan mai kirkin ranar ba ta aiki. Ta dubi allurar, ta dube shi, ta tambaya ko shi ne ɗan tsohon da ke gadon bakin taga. Ta yi masa ta'aziyya cikin taushin murya. Ta ce bai sha wahala sosai ba, sai dai tun safe ya hana a juya shi, idonsa na kan taga, an tambaye shi me yake nema ya ƙi faɗa. Auta ya tambaye ta ko Baba ya bar wata magana.

"Ya bari," in ji ta. "Ya ce idan autansa ya zo wata rana, a gaya masa ba komai, kada ya sa abin a ransa. Ya ce ai ya yi ƙoƙari, ya fi sauran daɗewa."