Katako Biyu a Ƙarƙashin Kunkuru

"Ɗaga ƙafar mana, Fasinja! Ke kuma Tela, riƙe ta da kyau, ba allura aka ba ki ba."

Ni ce Telar. Na baro rigar mutane a bakin keke, tef ɗin awo na rataye a wuyana, ina tsakar gidan maƙwabcina Baba Direba ina tallafe da matarsa Inna, wadda yake kira Fasinja. Ƙafarta ɗaya tana kan matakin mota, ɗayar ta ƙi rabuwa da ƙasa. Motar tsohuwar jif ce, safirin ɗinta, ƙarafan da ke ɗauke da nauyinta a kan tayoyi, sun gaji har ta kusa kwanciya, shi ya sa ya raɗa mata Kunkuru. Ran nan ya sa an hau da ita kan katakai, bibbiyu a ƙarƙashin kowace taya, don a gwada tsayin da za ta yi idan an ɗaga ta.

Inna ta yunƙura, gwiwarta ta yi ƙara, ta dawo ƙasa tana haki.

"Wannan ai raƙumi kake son ɗora ni," in ji ta.

Baba Direba ya yi dariya daga kan kujerarsa, dariyar ta rikiɗe ta zama tari. Ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba sa shiga. Duk mun gani.

Maganar ɗaga Kunkuru ta daɗe ana yin ta. Makanikin layinmu, wanda muke kira Sifana, yana da saiti iri biyu a shagonsa, safirin da shokazoba: gajere mai ɗaga mota inci biyu, da dogo mai inci huɗu. Tsabar sintirin da Baba ya yi masa, sai da Sifana ya gaji ya ba shi aron safirin ɗaya daga kowanne, ya ce ya je gida ya yi ta kallonsu. Haka kuwa ya yi. Ya jera su a bakin tagar ɗakinsa, baƙi gajere da rawaya dogo, yana shafa su kamar wasu jikoki.

Kaurin katako ɗaya daidai yake da gajeren, biyu kuma dogon. Wannan dabarar tasa ce, kuma yana ji da ita.

Da farko na ɗauka rigimar tsufa ce kawai. Sai wata rana da hantsi, na kawo masa matashin da na ɗinke, ya ce in zauna. Ya lumshe ido ya fara tuƙi da baki. Ya ce bayan duwatsun can da ake hangowa shuɗi-shuɗi in gari ya yi wasai, akwai hanya mai jan yashi, sai wani hawa da mota ke yi da giya ɗaya, sai rafi mai manyan duwatsu a ciki. A hayin rafin suka zauna shi da Inna suna sababbin aure, lokacin yana tuƙa motar masu haƙa rijiya. A can aka haifi 'yarsu ta fari, a can kuma ta rasu ba ta ko fara zama ba. Ya dasa bishiya a wurin. Aiki ya tashi, suka tashi, Inna ba ta sake taka wurin ba.

"Na yi mata alkawari," ya ce, idonsa a rufe. "Kullum in ce baɗi. Yanzu bishiyar nan ta isa a sha inuwarta. Ina ganinta, Tela, har motsin ganyenta ina ji."

Ni da na shigo da niyyar tsokana sai na fasa. Na tambaye shi me ya hana a sa dogon a huta.

Ya buɗe ido, ya koma direbansa. Ya ce dogon ne zai ba da wurin sa manyan tayoyi, su ne za su tsallake duwatsun rafin ba tare da cikin motar ya bugu ba. Amma mota in ta yi tsayi tana layi a kwana, sai an canza tiyon birki, kuma tana jijjiga mai ciwon baya. Gajeren yana da laushi, sai dai yana iya kafewa a tsakiyar rafi.

"Duk wannan mai sauƙi ne," ya ce. "Fasinjar ce ba ta iya hawa. Me zan yi da motar da za ta kai ni ita kuma ta bar ta a ƙasa?"

Bayan gwajin nan da aka yi ne ya yanke. Ya leƙo ta taga ya ce wa 'yarsu Auta, wadda ta baro aikinta ta zo jinya, ta ja motar baya a zare katako ɗaya. Gajeren za a sa.

Inna tana tsintar shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Kada wanda ya taɓa min katako."

"Fasinja, gwiwarki..."

"Gwiwar tawa ce ko taka? Ban yi shekarun nan ina jira don in je bakin rafi in juyo ba. In za a je, a je."

Daga ranar na samu sabon aiki da ba a biya. Kullum in rana ta ɗaga, Baba ya sha magani barci ya ɗauke shi, sai in ji an ƙwanƙwasa katanga da muciya. In kashe keke in zagayo. Inna ta kama ƙofar mota da hannu ɗaya, ni da ɗaya, ta ɗora ƙafa, ta yunƙura, ta dawo. Na ce mu kawo kujera 'yar tsugune ta taka, ta harare ni, ta ce a hayin rafi wa zai riƙa bin ta da kujera, kuma in ya farka ya gani zai ce ta kasa. Wata rana ta zage ni, wata rana ta zagi motar. In ta gaji sai mu zauna a inuwar Kunkuru tana murza gwiwa da man zafi, tana kallon sama. Gizagizai sun fara taruwa ta gabas, kuma mun san in ruwa ya sauka rafin ya rufe sai wata shekara.

Shi kuwa kullum ƙara tafiya yake. Ya daina fitowa kujera. In na leƙa sai in same shi kwance da safirin rawayan nan a gefen matashi, yana magana ƙasa-ƙasa. Wani lokaci ya ce da ni in riƙe da kyau za mu shiga ruwa. Wani lokaci ya tambaye ni ko na ji sanyin inuwar. Ni kuwa sai in ce na ji.

Ranar da abin ya faru, iska mai ƙamshin ruwa ke kaɗawa, kayan shanya suna ta rawa a igiya. Inna ta ce in sake ta. Na sake ta ina karanto duk addu'ar da na sani. Ta kama ƙofa, ta kama kujerar motar, ta cije leɓe, sai ga ta a ciki zaune, ɗankwalinta ya zame. Ta dube ni kamar ba ta yarda ba. Sannan ta miƙa hannu ta danna hon, ta ƙi saki.

Na ruga ɗakin. Auta ta tallafo kansa ta juyo da shi wajen taga. Ya daɗe yana kallon matarsa can sama a cikin Kunkuru, tana ɗaga masa hannu kamar mai shirin tafiya. Ya yi murmushi, ya ɗaga yatsu biyu.

"A kira Sifana," ya ce. "Fasinja ta shiga."

Sifana ya tafi sayo kaya, ya ce sai gobe. Baba Direba bai kai goben ba. Da yamma, rana ba ta gama faɗuwa ba, Auta ta leƙo ta kan katanga ta kira sunana sau ɗaya, na ajiye almakashi. Allah ya jiƙansa. Na yi kuka irin wanda ban yi wa wasu dangina na jini ba.

Da mutane suka ragu, Sifana ya zo karɓar safirin ɗinsa yana sunkuyar da kai. Ya ce in za a sayar da motar ya san mai so.

"Wa ya ce maka sayarwa za a yi?" in ji Inna. "Dogon za ka sa. Ka canza tiyon birkin ma, ya ce kada ka manta."

Ruwa bai riga ya sauka ba suka tashi, da sassafe. Kunkuru ta miƙe tsaye a kan sababbin tayoyi har na kusa kasa gane ta. Inna ta hau da kanta, ba ta ko kalli hannun da na miƙa ba. Auta ta shiga wajen sitiyari, ƙafarta ba ta kai birki sosai ba, ta kai hannu za ta jawo kujerar gaba.

"Bar masa ita yadda ya bar ta," in ji Inna.

Na shiga ɗakin Baba da gudu na ɗauko matashin nan da na ɗinka masa, aka sa wa Auta a baya. Suka fita a hankali, motar tana ɗan layi a kwanar layinmu.

Na dawo rufe musu ƙofa. Katakan suna nan a tsakar gida, bibbiyu, da sawun taya a kansu. Na cire takalmi na taka biyun da ke kusa da katanga. Daga nan kaina ya ɗan zarce katangar, na hango duwatsun can nesa, shuɗi-shuɗi, da wani farin gajimare a zaune a kansu.