Ranar da Balki Ta Faɗi Sunanta

"Ba zan ɗaura ba, Shef."

Balki Sadiƙu tana tsaye a jikin motar furoje, riƙe da zanen da Shef Maiwada ya miƙa mata. Atamfa ce ruwan ganye, irin wadda aka raba wa matan wannan ƙauye na Tudun Gawo don su yi anko su tarbi baƙi daga Yamai. Ta ninke ta, ta ajiye a kan mota.

Maiwada shi ne shugaban buro, wato ofishin furojen raya noma a Dungas, mutum mai sanyin murya wanda bai taɓa zagin kowa da rana tsaka ba. Ya yi murmushi.

"Haba ƙanwata, wannan ma abin rigima ne? Cire jilen nan, rigar aikin, ki ɗaura zane, ki zauna cikin mata. Baƙi suna son ganin mata da yawa a foto. In an zo wurin tafi, ki ja su."

"Alhassan ma zai ɗaura?"

Alhassan, abokin aikinta, yana jera kujeru a ƙarƙashin rumfa. Ya sunkuyar da kai kamar ƙafar kujera ce ta yi masa magana.

"Alhassan ai namiji ne."

"Ni kuma injiniya ce. Da difloma aka ɗauke ni aiki, ba da tafi ba."

Maiwada ya dube ta daga ɗankwali har takalmi, ya ce, "To, madalla." Ya juya abinsa.

Kowa a buro ya san abin da ya kawo babban darektan furoje daga Yamai. Za a buɗe sabon reshe a Magarya, ana neman wanda zai shugabance shi, kuma daga wannan ziyara za a zaɓa. Gonar da za a nuna masa kuwa, gonar Balki ce. Fako ne da maza suka yar saboda ko tsidau ba ya fitowa, aka ba mata shi kyauta ana dariya. Ita ta zo kan moto, babur ɗin furoje, ta auna shi. Ita ta koya wa matan haƙa ramukan rabin wata masu tare ruwa, ta bi su gida gida roƙon taki. Daminar farko awaki suka cinye shukar. Ta biyu ruwa ya ɗauke wake yana fure. Yashin hanyar Dogo-Dogo ya kayar da ita har ta daina ƙirgawa, salansa ta ƙone mata ƙwauri, ta kwana ɗakin Inna Ɗela, shugabar matan, tana jin sauro yana mata kiɗa a kunne. Bana wake ya rufe fakon har ba a ganin ƙasa.

Duk tsawon wannan lokaci, in an rubuta rapor, rahoton aiki, sai a ce "ma'aikatanmu". In rediyon gari ya nemi mai magana, Maiwada ne. In an kira taro a Damagaram, Maiwada ne, ya je ya nuna hotunan da ita ta ɗauka, har da wanda inuwarta ta faɗa ciki. Ta yi shiru, domin tun tana ƙarama mahaifiyarta ke ce mata yabon kai jahilci ne, aiki shi ke kiran mai shi. Ta jira aikin ya kira ta. Aikin ya buɗe baki ya kira Maiwada.

Baƙi suka iso da hantsi. Maza suka cika kujeru, mata suka zauna kan tabarmi, kore shar kamar gonar tasu. Ba a ajiye wa Balki kujera ba, sai ta tsaya a bakin rumfa da jilenta, rana tana dukan kafaɗarta. Darekta ba ya jin Hausa, don haka Maiwada ya riƙe mikoro ɗaya yana yi masa tafinta zuwa Faransanci.

Aka kira Inna Ɗela. Tsohuwa ta miƙe, ta riƙe mikoro kamar muciya.

"Mu dai Mai Moto muka sani," in ji ta, don da wannan suna matan ke kiran Balki. "Ranar da ta ce mu haƙa ramuka a fako, na ce ɗiyar nan karatun lakwal ya taɓa mata kai. Mijina ya ce in muna son kabari mu faɗa, a taya mu. Yau shi ne ke zuwa da ƙwarya yana cewa Ɗela, a ɗan taɓa mini wake." Mata suka fashe da dariya. "Ta ci tuwonmu, ta sha ruwan rijiyarmu, ta yi zazzaɓi a ɗakina. In akwai lada a gonar nan, a fara da ita."

Maiwada ya karkata wajen darekta. Balki ta ji kowace kalma.

"Tana godiya ga furoje da shugabanninsa, waɗanda suka kawo musu sabuwar dabara."

Shi ke nan. Darekta ya gyaɗa kai, ya dafa kafaɗar Maiwada.

Ba sata ce ta fi ƙona Balki ba, ta saba da satar. Sanyin muryar ne, da yadda ya yi ta a gabanta, ya tabbata ba za ta motsa ba. Ta ratsa tsakanin kujerun maza. Inna Ɗela ta gan ta tafe, ta miƙa mata mikoro ba tare da an tambaye ta ba.

"Ranka ya daɗe, ba haka ta ce ba," in ji Balki da Faransanci. Ta maimaita maganar tsohuwa daga fari har ƙarshe. Sannan ta ce, "Mai Moton da take faɗa ni ce. Sunana Balki Sadiƙu. Ni na tsara wannan gona, ni da matan nan muka yi ta. Ina neman shugabancin reshen Magarya, kuma na cancanta."

Ta juya ta faɗi haka nan da Hausa, don kada gobe wani ya sake yi mata tafinta.

Wani dattijo kusa da maigari ya ce, "Subhanallahi. Ɗiyar wa ce wannan?" Inna Ɗela ta rangaɗa guɗa ita kaɗai, wasu mata biyu suka kama mata, saura suka dubi tabarma. Darekta ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Mun gode, madmazel. Za mu duba."

An duba. Alhassan da kansa ya kawo mata labari, yana sosa ƙeya. Darekta ya ce ta iya aiki, babu musu, amma wadda ta kunyata shugabanta gaban maigari ba za a damƙa mata buro ba.

"To wa aka ba?"

"Wallahi Balki, ban nema ba."

"Na sani. Kai ba sai ka nema ba."

Maiwada ya karɓi makullin moto, ya ce injin yana son hutu. Ya mai da ita mangaza, ɗakin ajiya, gadin buhunan iri. Bayan kwanaki ya leƙo, da muryar nan tasa.

"Ƙanwata, abin mai sauƙi ne. A taron ma'aikata ki ce rana ce ta buge ki, ki nemi gafara. Ki karɓi motonki, a manta."

"Rana ta daɗe tana buguna, Shef, ban taɓa yin ƙarya saboda ita ba. Wace kalma ce cikin maganata ba gaskiya ba?"

Ya fita ya ja ƙofa.

Da ta je gida Magarya, mahaifiyarta ta riga ta ji labari a kasuwa.

"Balki, da kin bari wani ya faɗa miki."

"An faɗa, Inna. Tsohuwa ta faɗa gaban kowa, aka haɗiye."

"Yanzu ga shi ana cewa ban yi miki tarbiyya ba."

"Kin yi. Ke kika hana ni ƙarya."

Uwar ta ci gaba da tsince shinkafa, ba ta ƙara dubanta ba har aka kira la'asar.

Balki ba ta nemi gafara ba. Reshen Magarya ya tafi hannun Alhassan. An yi roron waken Tudun Gawo ba ta gani da idonta ba, don ba ta da abin hawa. Da kontarar aikinta ta ƙare ba a sabunta ba, kuma duk buron da ta je neman aiki daga Dungas har Damagaram, sai ta tarar an san ta, yarinyar nan da ta ƙwace mikoro. Gaskiyar da ta faɗa a rumfar nan ta cinye mata muƙami, da aiki, da gonar da ta raya, kuma har yau ba ta janye ko kalma ɗaya ba.